An ce an rushe kwamitin 'yan uwan majinyata: tambayoyi da amsoshi

Na taɓa riƙe sakataren kwamitin 'yan uwa a wani gidan jinya mai zaman kansa a nan cikin Kano, inda goggona ta yi kusan shekara biyu bayan ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga nan nake shan tambayoyi kan irin wannan kwamiti da yadda ake rushe shi, wasu a waya, wasu a bakin masallaci, wasu ma a wajen ɗaurin aure. Kusan duk iri ɗaya ne, kowa dai da yadda yake zagayo da tasa. Ga su nan na tattara, na faro daga masu sauƙi, na kuma sa musu lamba don in riƙa mayar da mai karatu inda aka riga aka yi bayani.

1. Wane kwamiti ake magana a kai?

Zama ne da mutanen da ke zaune a gidan kulawa na dogon lokaci suke yi, ko danginsu, don su haɗa baki su gaya wa masu gudanar da gidan abin da ke damunsu. Wani wurin majalisa ake ce masa, wani wurin kwamiti, wani wurin ma ba shi da suna, “zaman iyaye” kawai ake cewa, Asabar ɗin ƙarshen wata. Ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya kora, ba ya sa hannu a kuɗin gida. Aikinsa ya saurara, ya rubuta, ya miƙa, sannan ya dawo ya tambayi inda aka kwana.

Iri biyu ne: na mazauna gidan da kansu, da na danginsu. Ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda za a gani a tambaya ta 14.

2. Mu da ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, ina ruwanmu da wannan?

Gaskiya ne Bakano yana jin kunyar a ce ya kai mahaifiyarsa wani gida ya ajiye, kuma yawancin tsofaffinmu a ɗakinsu suke ƙarasa kwanansu, jikoki na shige da fice. Amma gidajen suna nan, da mutane a cikinsu. Akwai gidan gajiyayyu na Shahuci, akwai gidan Torrey a Tudun Maliki na yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, da gidan yara na Nassarawa, da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da cibiyar gyaran hali ta Mariri. Ga kuma na 'yan kasuwa, musamman na gyaran masu shaye-shaye, inda iyaye ke biyan kuɗi su bar ɗansu wata uku ko shida.

Abin da ya haɗa mutanen ciki shi ne in an ɓata musu ba sa iya ɗaukar takalminsu su tafi. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna kuma biyan kuɗi. Inda babu zaman da zai haɗa iyaye su kwatanta abin da kowa ya gani, ɓarna tana iya daɗewa ba a sani ba.

3. Tunda shawara kawai yake bayarwa, ba umarni ba, mene ne amfaninsa?

Bari in ba da abin da na gani. Wata Juma'a bayan la'asar na kai wa Goggo fura. Nas tana tsaye tana gyara mata matashi, na ce, “Goggo, ya jikin? Ana kula da ke dai ko?” Ta ce, “Alhamdulillahi, yaran nan suna ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka.” Sai da nas ta fita, takunta ya yi nisa, sannan ta jawo hannun rigata da hannunta mai lafiya, ta ce da dare in ta yi kira ba mai zuwa, a jiƙe take kwana har asuba. Na miƙe zan nufi ofis, ta riƙe ni. “Kada ka je, ɗan nan. Su ke juya ni, su ke yi mini wanka. Kai gida za ka tafi.”

A zaman wata na kawo maganar, ban ambaci sunanta ba. Ɗakin ya yi tsit. Can sai wata Hajiya ta ce mahaifinta ma haka yake faɗa, ita ta ɗauka gigin tsufa ne. Wani ya ce ya ga jan tabo a ƙugun yayansa, bai san mafarin gyambon kwanciya ba ne. Ashe kowannenmu ya yi watanni yana zaton nasa ne kaɗai, ko yana zargin tsohonsa da mita. Da muka bi diddigi, mutum ɗaya ake bari ya kwana da ɗakunan duka. Muka rubuta, aka yi ta jan ƙafa, daga baya dai aka ƙaro mutum a aikin dare.

Ƙorafin ya tashi daga na Goggo, wadda ake iya huce haushi a kanta, ya koma na kwamiti, wanda ba shi da ƙugun da za a bari ya yi gyambo. Wannan kaɗai ya isa amfani.

4. Yaya ake rushe shi? Takarda ake aikowa?

Ba kasafai ake fitowa fili a ce “mun rushe” ba. An fi yi masa kisan mummuƙe. Yau a ce ɗakin zama ana fenti, gobe makulli yana hannun wanda ya yi tafiya. Ko a ce daga yanzu shugaban gida ne zai riƙa jagorantar zaman, kowa kuwa ya san abin da zai iya faɗa a gaban mai riƙe da tsohonsa. Ko a haɗe kwamitocin gidaje da yawa a yi guda ɗaya babba, mai zama sau biyu a shekara a ɗakin taro mai sanyi, nesa da warin ɗakin majinyata. Ko a sauke zaɓaɓɓu a naɗa 'yan amshin shata. Ko kuma kawai a daina amsa takarda har mutane su gaji da zuwa.

Namu ta wannan hanya ta ƙarshe ya fara ciwo. Da gidan ya canza hannu, sabon mai shi ya aiko da 'yar takarda cewa an dakatar da kwamiti har sai an sake masa fasali. Har Goggo ta bar gidan ba a gama fasalin ba.

5. Wane dalili masu rushewa ke bayarwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Dalilan ba sa wuce waɗannan: mutane ba sa zuwa zama, 'yan tsiraru sun mamaye shi suna magana da yawun kowa, yana cinye lokacin ma'aikata, ana tona asirin marasa lafiya, ya koma dandalin cin mutuncin nas-nas. Inda gwamnati ce ke ɗaukar nauyin majalisar, sai a ƙara da cewa hukumomi sun yi yawa, aikinsu na cin karo da juna, gara a tsuke bakin aljihu.

Wasu daga ciki gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Na ga zaman da mutum huɗu kacal suka zo, biyu daga cikinsu rigimar kuɗin wata ce ta kawo su. Na ga wanda ya ɗauki hoton tsohon wani a kwance ya jefa a zauren WhatsApp don ya nuna zanin gado ya yi dauɗa, bai tuna cewa dattijon yana da 'ya'ya da mutunci ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin dalilan nan yana da magani. Ba a zuwa? A mayar da zaman ranar da aka fi ziyara. 'Yan tsiraru sun yi kaka-gida? A sa wa'adi. Ana tona asiri? A kafa ƙa'ida a hukunta wanda ya karya. Don haka mai son rushewa a tambaye shi: wane gyara aka gwada ya ƙi? A kuma lura da lokacin da takardar ta fito. In ta biyo bayan tambayar da kwamiti ya yi kan ƙarin kuɗi, ko kan yadda wani ya rasu, to ba ƙarancin masu zuwa zama ne ya kawo ta ba.

6. Sun ce sun sa akwatin ƙorafi da lambar waya. Bai wadatar ba?

A bar su, suna da nasu amfanin. Amma makullin akwati yana hannun wanda ake kuka da shi, kuma wanda ya jefa takarda bai san ko mutum goma sun riga shi jefa irinta ba. Lambar waya mutum ɗaya take saurara, a ba shi haƙuri, a ce za a duba, magana ta mutu. Takardar tambayoyi da ake rabawa a cike kuwa, mai gida ne ya zaɓi tambayoyin: zai tambaye ka ko miya ta yi daɗi, ba zai tambaye ka mutum nawa ke aikin dare ba. Sannan tsohuwar da ba ta yi boko ba, hannunta na rawa, wa zai rubuta mata? Nas ɗin da take son kai ƙara?

Kwamiti yana da littafi. Yana iya buɗe shafi ya ce, “Ranka ya daɗe, watan jiya an ce za a gyara famfon banɗakin mata, ga shi a rubuce.” Akwati ba ya tuna wa kowa alkawari.

7. Akwai ƙasashen da doka ta tilasta a yi irin wannan majalisa?

Akwai. A Amurka, dokar gyaran gidajen kula da tsofaffi ta 1987, wadda ta hau kan duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin jinya, ta ba mazauna gida 'yancin kafa ƙungiyarsu, ta ba dangi 'yancin haɗuwa da dangin sauran mazauna a cikin gidan. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta sun ce a ba su wurin zama na sirri, ma'aikaci ba ya shiga sai an gayyace shi, a ware mutum ɗaya da zai riƙa karɓar buƙatunsu na rubuce, kuma gidan ya iya nuna amsar da ya bayar da dalilinta. Ba a ce sai an yi musu duk abin da suka nema ba. An dai hana a yi kunnen uwar shegu da su.

A lardin Ontario na Kanada abin ya fi haka tsauri. Dokar 2007, da ta 2021 da ta gaje ta, sun wajabta wa kowane gida majalisar mazauna. In wani ɗan uwa ya nemi a kafa ta dangi, dole mai gida ya taimaka. In majalisa ta kawo damuwa, a amsa mata a rubuce cikin kwana 10. Tana da ikon duba rahoton masu binciken gwamnati da bayanan kuɗin gidan, mai gida da ma'aikatansa kuma ba sa zama mambobin majalisar dangi. Jamus tun dokarta ta 1974 ta tanadi majalisar mazauna.

Duk da haka doka ba ta gadin ɗaki. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wa dangi ƙofa, sojojin Kanada da aka tura taimako gidaje biyar a Ontario ɗin nan sun rubuta rahoton abin da suka tarar: tsofaffi an bar su cikin ƙazantarsu, ga kyankyasai, ana ɗura wa wasu abinci da ƙarfi. Majalisun suna nan a takarda, idon dangi ne babu.

8. An taɓa rushe irin waɗannan majalisu a wani wuri? Me ya biyo baya?

Ingila ta yi, ba sau ɗaya ba. A 1974 aka kafa majalisun lafiya na al'umma don su wakilci marasa lafiya da jama'ar gari, da ikon shiga asibitocin gwamnati su duba, kuma sai an tuntuɓe su kafin a yi babban sauyi irin rufe asibiti. A 2003 aka rushe su aka kawo wasu zauruka. Su ma a 2008 aka rushe su aka kawo wani tsarin, shi ma a 2013 aka maye gurbinsa da Healthwatch, wadda aka ba ikon shiga har gidajen kula da tsofaffi ta gani da idonta. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana niyyar rushe ita ma Healthwatch ɗin, a mayar da aikinta cikin ma'aikatar lafiya da hukumomin yankuna. Yankin Wales bai bi sahu a 2003 ba, ya riƙe majalisunsa har 2023, sannan ya maye gurbinsu da hukuma ɗaya mai suna Llais, wato murya a harshensu.

A tsakiyar wannan rushe-ka-gina ne abin kunyar asibitin Stafford ya faru, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙishirwa da ƙazanta. Wadda ta ƙi bari maganar ta kwanta wata mata ce, Julie Bailey, da mahaifiyarta ta rasu a asibitin a 2007. Ta tara sauran dangin da abin ya shafa, suka yi ta kuka har aka kafa bincike. Rahoton 2013 na Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken, ya nuna cewa tsare-tsaren da suka gaji majalisun 1974 ba su ƙara wa marasa lafiya murya a Stafford ba.

Ban ce da tsofaffin majalisun suna nan abin ba zai faru ba. Abin da na ɗauka a labarin shi ne kowace rushewa tana tafiya da mutanen da suka san lungu da saƙo na wurin, sababbi kuma su shekara suna neman ƙofar ofis. A wannan tsakanin babu mai kallo.

9. A Najeriya fa, wace doka za mu riƙe?

Abin da ke hannunmu a warwatse yake. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa da kafa ƙungiya don kare muradunsa, sashe na 34 kuma ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. An ambaci kula da tsofaffi a sashe na 16, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba mutum damar shigar da ƙorafi kan yadda aka yi masa a wurin jinya, a kuma bincika. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata ta hannun hukumar kare masu sayen kaya, wadda yanzu ake kira FCCPC. A farkon 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, a farkon 2023 kuma a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai kuma cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Abuja, da dokar 2017 ta kafa.

Sai dai yawancin wannan haƙƙi ne na mutum ɗaya: an yi maka, ka kai ƙararka. Kwamitocin da ke gidajenmu galibi ko dai hukumar gida ce ta kafa su don ganin damarta, ko dangi ne suka haɗa kansu. Shi ya sa tambaya ta 10 ta fi wannan muhimmanci a aikace. Tsarin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu: mun san ƙungiyar iyaye da malamai a makaranta, mun san kwamitocin raya mazaɓu da ke sa ido kan ƙananan asibitocin unguwa.

10. Shin hukumar gida tana da ikon rushe kwamitinmu?

Ya danganta da wanda ya haife shi. In hukumar gida ce ta kira ku, ta raɗa muku suna, ta zaɓa muku shugaba, to tabarmarta ce, tana iya naɗewa. In ku kuka haɗu, kuka zaɓi shugabanninku, kuka rubuta ƙa'idarku, ba ta da abin da za ta rushe. Iyakarta ta hana ku ɗaki ta daina amsa muku. Ba ta isa ta hana 'ya'yan majinyata zama a soron ɗayansu a Gwammaja ko Ƙofar Na'isa su tattauna halin da iyayensu ke ciki ba.

A ɗauko takardar yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar da aka kawo majinyaci. In an rubuta a ciki cewa gidan yana da kwamitin dangi, to yana cikin abin da ake biyan kuɗi dominsa, a nuna wa lauya. In gidan na gwamnati ne, a nemi ganin takardar da ta kafa kwamitin da wadda ta rushe shi, da wanda ya sa hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata. Wani lokacin za a tarar umarnin baka ne kawai, ba wanda zai yarda ya ce shi ya bayar.

11. Yau aka kawo mana takardar rushewa. Da me za mu fara?

Da littafin zama. A ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin a ce na gida ne a kawo. Mu a nan muka yi sakaci: namu yana cikin durowar ofis, ba mu sake ganinsa ba, alkawuran kusan shekara biyu suka bi ruwa. Bayan littafi sai lambobin wayar juna, don da yawa a zama kawai ake haɗuwa, ba a san gidan juna ba.

Sannan a rubuta takarda guda, gajeriya, cikin ladabi, kowa ya sa hannu. Tambaya uku sun isa: wa ya yanke shawarar, mene ne dalili, kuma daga yau wa za a riƙa kai wa damuwa, zai amsa cikin kwana nawa? A kai kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya a dawo da shi. A tafi da dattijo wanda ake jin nauyinsa, a bar masu zafin kai a gida, don hayaniya a bakin ƙofa ita ce hujjar da masu rushewa ke jira.

Kuma ranar zama in ta zagayo a zauna, ko da a ƙarƙashin dalbejiya ne. In wata ɗaya ya wuce ba a haɗu ba, haɗuwar wata na biyu sai an sha wuya.

12. Ba za a huce haushi a kan majinyacinmu ba in muka matsa?

Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya rufe bakin Goggo a tambaya ta 3. Ana rage shi ne ta yadda ake kai maganar. A kai matsala, kada a kai sunan mutum: “ana jinkirin amsa kira da dare a ɓangaren mata,” da ranaku da lokuta, ya fi “an bar Hajiya wance a jiƙe.” Kafin a ɗaga maganar kowa a nemi izininsa in yana cikin hayyacinsa, don shi zai kwana a gidan. Dangi su riƙa sauya lokacin ziyara, wani bayan isha, wani da sassafe, kowa kuma ya leƙa tsohon ɗan uwansa ba nasa kaɗai ba. A duba baya da ƙugu da dugadugai, a duba ko akwai ruwan sha kusa da gado.

In aka yi barazanar sallamar majinyaci saboda danginsa sun yi magana, a nemi a ba da ita a rubuce, da dalili. In kuwa an ga shaidar duka, ko ɗauri, ko horon yunwa, wannan ya wuce kwamiti. Ranar za a kai wa 'yan sanda da hukumomin da ke tambaya ta 13.

13. In gidan ya ƙi saurare, ina za mu nufa a Kano?

In gida ne mai zaman kansa da ke ba da magani, akwai hukumar PHIMA, mai yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista da sa musu ido a jihar. In asibitin jiha ne, sai Hukumar Kula da Asibitoci. Gidajen yara da na gajiyayyu na gwamnati, a nufi ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a. Akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofis a Kano. Kafin duk wannan, mai unguwa ko Hisbah suna iya zaunar da ku da mai gidan a yi sulhu, kuma sau da yawa nan ake gamawa.

Kowa ya san ƙarfin rediyo a garin nan, abin da ya shiga shiri irin Inda Ranka gobe yana bakin masu shayi. Ni dai ina ganin a ajiye shi a ƙarshe. In magana ta hau iska ƙofar sulhu tana ƙuntata, kuma lalurar tsohonku ta zama labarin gari.

14. Me zai hana a haɗa na mazauna da na dangi wuri ɗaya?

Domin abin da ɗa yake so wa uwarsa ba kullum ne abin da uwar take so ba. Dangi tsaro ne a gabansu: kada ta faɗi, kada ta ci gishiri, kada ta fita. Ita kuma tana son goronta, tana son a bar ta ta zauna a tsakar gida ta sha hantsi, tana son a daina kashe mata rediyo. A gidan gyaran masu shaye-shaye abin ya fi tsanani, don iyayen da suka biya kuɗi sukan ɗauki duk kukan yaron a matsayin dabarar guduwa. In aka haɗa su a zama ɗaya, masu lafiya ne za su cinye maganar, ga kuma kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya: akwai abin da dattijo ba zai faɗa a gaban 'yarsa ba ko da zai mutu da shi. Kowanne ya yi zamansa, a riƙa haɗuwa lokaci-lokaci.

15. Wanda ba shi da kowa fa, ko wanda ba ya iya magana?

Nan ne kwamitin dangi yake da rauni, kuma a gidajen gwamnati irin waɗannan ba kaɗan ba ne: waɗanda aka tsinta a titi, waɗanda danginsu suka ajiye suka ɓace. Kwamitin da ke kuka kan 'yan gata kaɗai yana iya ja wa marasa gata, domin ma'aikacin da aka matsa wa a ɗaki na ɗaya daga ɗaki na biyar zai rage lokaci. A ware kujera ɗaya ko biyu ga mutanen waje waɗanda ba su da alaƙar kuɗi da gidan, kamar limamin unguwa, ko tsohuwar nas da ta yi ritaya, ko wakilin ƙungiyar masu buƙata ta musamman, a ɗora musu ziyarar waɗanda ba a ziyarta. Masu kai sadakar abinci da azumi su ma ido ne, in za su daure su wuce bakin ƙofa su shiga ɗakuna.

16. Ma'aikata ba za su ɗauke mu abokan gaba ba?

Da farko za su ɗauka. Amma wadda ake bari ita kaɗai da ɗakuna duka da dare, ita ma cutarta ake yi, kuma in ta yi magana aikinta ne a bakin ƙofa. A gidanmu, mai aikin daren ce ta ja ni gefe daga baya ta yi godiya. A riƙa rubuta yabo a littafi kamar yadda ake rubuta kuka, da sunan wanda ya kyauta.

17. In za mu sake kafa shi, me ya kamata mu rubuta a ƙa'idarsa?

Shafi ɗaya ya isa. Mambobi su ne mazauna ko danginsu, su ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, wa'adi shekara ɗaya ko biyu. Ma'aikaci ba ya shiga zama sai da gayyata, in ya gama bayani ya fita. A nemi gidan ya yarda a rubuce cewa zai amsa kowace takarda cikin kwanaki sanannu. Kwana 10 na Ontario, da aka ambata a tambaya ta 7, ma'auni ne mai kyau. Ba a ɗaukar hoton majinyaci, ba a ambatar sunansa ko ciwonsa a zauren WhatsApp. Kada kwamiti ya karɓi alawus ko ragin kuɗin wata daga gidan, ɗan abin da ake buƙata na ruwa da takarda a yi karo-karo. A rubuta ƙarara cewa mambobi ne kaɗai ke iya rushe shi, da rinjayen ƙuri'a, a zaman da aka sanar tun da wuri.

In ya yi ƙarfi har yana son buɗe asusun banki, ana iya yi masa rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, amma ba sai an jira wannan ba kafin a fara zama. Littafin zama kuma a gidan sakatare zai riƙa kwana, ma'aji ya riƙe kwafi.